Kumburin Gaɓa: A Duba Ciki Kafin A Ba Da Magani

 

Sharhinmu na yau kan ciwon gaɓɓai ne, da kuma wani gwaji wanda jin labarinsa kaɗai kan sa mutum ya tattara takardunsa ya bar asibiti, wato a ce za a ɗebi ɗan nama daga cikin gwiwa ko wuyan hannu a kai ɗakin bincike. Mutuminmu zai yarda a ɗebi jininsa, zai yarda a ɗauki hoton ƙirjinsa, zai miƙa wa wanzami gwiwar nan ya yi mata tsaga ya kafa ƙaho, wani ma har sakiya zai jure. Amma da an ambaci nama sai ka ji, "Likita, bari mu koma gida mu yi shawara." Kuma ba kasafai ake dawowa daga wannan shawara ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin gaɓar. Duk gaɓa mai motsi tana da wani siririn tantani da ya lulluɓe ta ta ciki. Shi ke tsatso ruwan nan mai yauƙi da ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba gogayya, kuma daga wannan ruwa guringuntsi ke samun abincinsa, tunda shi ba shi da jijiyar jini. A jikin mai lafiya, fuskar tantanin ba ta wuce kaurin ƙwayoyin halitta 1 zuwa 3 ba. To akwai wani nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, wanda a cikinsa garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa wannan tantani. Sai ya kumbura ya yi kauri, sabbin jijiyoyin jini su tsiro a cikinsa, fararen ƙwayoyin jini su yi cincirindo, daga nan ya malalo kan guringuntsi yana cin sa, ya gangara ga ƙashi. Abin da ya ci kuma ya ciwu, ba ya dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan cuta, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ku dubi cikin gidajenku. Mace ta tashi da asuba, yatsun hannayenta biyu sun sandare, ba ta iya riƙe buta ta yi alwala sai an zuba mata. Sai rana ta ɗaga, bayan awa guda ko fiye, sannan hannun ya ɗan saki. Ba ta iya matse wanki, muciya tana kuɓuce mata a tsakiyar tuƙi, zaman tahiya ya zama aiki. Gaɓɓan tsakiyar yatsu da na tushensu sun yi tulu-tulu, hannun dama da na hagu iri ɗaya, in ka matsa sai ka ji taushi. Sau da yawa cutar kan lafa a lokacin goyon ciki ta taso da ƙarfi bayan haihuwa, shi ya sa a wurinmu ake ɗora laifin kan jego. Sai ka ji uwar miji na cewa ai ba ta gasu ba ne, ta yi wasa da wankan jego sanyi ya shige ta. A ƙara mata itace, a ƙara tafasa ruwa, ita kuwa cutar tana can tana aikinta.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa wannan ciwon Turawa ne. A ƙarshen shekarun 1960, wani likita ɗan Ingila mai suna Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi bayanan marasa lafiya a asibitin koyarwa na Ibadan, ya ga cutar ba ta da yawa. A 1993 aka wallafa wani bincike da aka yi a yankin Igbo-Ora na ƙasar Yarbawa, inda aka duba mutum kusan 2,000 ba a tabbatar da ita a jikin ko ɗaya ba. Sai a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka fitar da bayanan mutum 200 masu rumatoyid daga asibiti guda a Legas. Ashe da aka samu wanda ya zauna takanas don duba ciwon gaɓɓai, sai ga masu cutar sun fito. Ni a ganina haka lamarin yake a yammacin Zamfara: masu ita suna nan cikin ɗakuna, mai dubawa ne ya yi ƙaranci.

Yanzu ga abin da nake so a fahimta da kyau, don kada wani ya ce rediyo ta ce duk mai ciwon gwiwa sai an yanke shi. Akasarin masu rumatoyid ba sa buƙatar a ɗebi namansu. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar a 2010 maki take bayarwa: yawan gaɓɓan da suka kumbura da irinsu, maki har 5; gwajin jini na RF da anti-CCP, maki har 3; alamar kumburi a jini, maki 1; ciwon ya kai mako 6, maki 1. Wanda ya samu 6 cikin 10 an sa shi a layin masu cutar. Babu ɗiban nama a wannan lissafi ko kaɗan. Likita mai natsuwa da yatsunsa da 'yan gwaje-gwajen jini ya isa ya gane matar da muka kwatanta. Sai dai a kula, akwai masu cutar da dama, kamar ɗaya cikin 4, da gwajin jininsu ba ya nuna komai, don haka takardar da ta fito fes ba ta wanke mutum ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gaɓa guda ɗaya, galibi gwiwa ko ƙugu ko wuyan hannu, da ta kumbura wata da watanni ta ƙi sauka, jini bai faɗi komai ba, hoto bai raba gardama ba. A nan ne leƙa ciki ke zama dole. Kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da sauran wurare, saboda zinare.

Babu wanda ya kai shekarun hankali a Anka ko Bukkuyum da zai manta da 2010. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yadda yara ke mutuwa da jijjiga a ƙauyuka, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya Bagega wadda sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Yara kusan 400 suka rasu. Hankalin duniya ya tafi kan ƙananan yara, kuma daidai ne, su guba ta fi yi wa kisan gaggawa. Amma iyayen da suka fasa dutsen, suka niƙa, suka sheƙa, suka shaƙi ƙurar fa? A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ta zauna cikin ƙashi take, kuma takan yi shekaru gommai a can tana tsiyayowa cikin jini kaɗan-kaɗan.

Ku ɗauki magidanci ɗan shekara 45 daga Bagega wanda ya yi ƙuruciyarsa a bakin injin niƙan dutse, yau ga shi da kumburarriyar gwiwa. Ƙurar nan guda ɗaya tana iya kai shi ga cuta uku mabambanta. Dalma tana lalata ƙoda, ƙoda ta kasa fitar da wani sinadari mai suna yurik asid, shi kuma ya daskare cikin gaɓa ya zama ƙananan tsinkaye masu kaifi. Wannan shi ne gawut, mai tayar da mutum tsakar dare da babban ɗan yatsan ƙafa ya yi ja, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Tsohon sani ne: Alfred Garrod, likitan Landan da ya raɗa wa rumatoyid suna a 1859, shi ne kuma ya lura cewa da yawa daga masu gawut da ke zuwa asibitinsa masu aiki da dalma ne, irin su masu fenti da masu haɗa famfo. Ban da dalma, ƙurar dutse tana ɗauke da silika, kuma an tabbatar cewa shaƙar silika na ƙara haɗarin kamuwa da rumatoyid ɗin kansa. Tun 1953 likita Anthony Caplan ya bayyana haɗuwar cutar da ciwon huhu a tsakanin masu haƙar kwal na yankin Wales. Silikar nan dai ita ce ke raunana huhu ta buɗe wa tarin tibi ƙofa, tibi kuwa ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yakan bi jini ya sauka a ƙashin baya ko ƙugu ko gwiwa, wani lokaci mutum ko tari ba ya yi.

Daga waje duk kumburi ne. Maganinsu kuwa hannun riga. Maganin rumatoyid danne garkuwar jiki yake yi. In aka ba mai tibin gwiwa shi, an kwance wa ƙwayar cutar dabaibayi ke nan ta bazu cikin jiki. In kuma aka ɗora mai rumatoyid kan maganin tibi bisa zato, zai shafe watanni yana haɗiyar ƙwayoyi masu wahalar da hanta, gaɓɓansa na ci gaba da lalacewa. Ban ma ambaci makiyayi mai shan ɗanyar madara ba, wanda cutar bakkale ta shanu kan kama shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓɓai, ko yaro mai sikila da ƙashinsa ya ɗuri ruwa.

Matakin farko mai sauƙi ne, a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji. In gawut ne, za a ga tsinkayen nan a madubin bincike, magana ta ƙare. In ruwan ya fito da mugunya, ga zazzaɓi, ga gaɓa ta yi zafi rau cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan gaggawa ce ta ranar, domin ƙwayoyin cuta kan cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Amma tibi mai wayo ne, sau da yawa ba ya bayyana a ruwan. A cikin naman tantanin yake fakewa, inda jiki ke gina masa wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruɓaɓɓen tsakiya. In aka ɗebo naman aka duba aka kuma shuka shi, akan kama shi a wajen mutum 9 cikin 10.

To yaya ake ɗiban? Ba fiɗa ba ce irin ta buɗe ciki. Mutum yana kwance idonsa biyu. A wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi a fata da cikin gaɓa. Likita ya ɗora kan na'urar sikanin, irin dai wadda ake duba masu juna biyu da ita, ya ga inda tantanin ya fi kauri, ya kauce wa jijiyoyi. Sai ya yi 'yar tsaga wadda ba ta kai ta wanzami ba, ya zura wata allura mai ɗan baki a gefe. Za ka ji ƙas, ta gutsuro nama wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Akan maimaita kamar sau 6 ko fiye daga kusurwoyi dabam-dabam, domin cutar ba ta shimfiɗuwa bai ɗaya. A manna filasta, mutum ya tafi gida a ranar, ya hutar da gaɓar kwana ɗaya ko biyu. Tantanin kuma yana maye abin da aka ɗiba. Dabarar ba ta yau ba ce, tun 1963 likitoci biyu a Amurka, Parker da Pearson, suka fito da allurar da aka daɗe ana wannan aiki da ita. Sikanin ne ya zo daga baya ya ba likita ido.

Akwai wani ɗan abu da nake roƙon ma'aikatan asibitocinmu su riƙe, domin a nan wahalar mutum kan tashi a banza. Naman ba kwalba ɗaya ake zuba shi ba. Wanda za a duba a madubi shi ake sa wa fomalin. Wanda za a nemi ƙwayar tibi ko wata ƙwayar cuta a cikinsa, ruwan gishiri mai tsabta ake sa shi, domin fomalin kashe ƙwayar yake yi, ba za ta tsiro ba. In kuma ana zargin gawut, ruwan fomalin narkar da tsinkayen yake yi, sai a sa wani yankin cikin tsantsar sifirit. A ɗakin bincike za a daskarar da naman cikin kakin kyandir, a yanka shi siriri har haske na ratsa shi, a rina shi, sannan masani ya ƙirga kaurin fuskar tantanin da yawan ƙwayoyin kumburi. Akwai ma'aunin wani likita a Jamus mai suna Krenn, daga 0 zuwa 9, da ke nuna tsananin abin. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, naman shi kaɗai ba ya rantsuwa cewa rumatoyid ne, domin wasu cututtukan gaɓɓai kan ba da kama irin tasa. Ƙarfinsa yana wajen cewa wannan tibi ne, wannan tsiro ne, wannan kuwa babu ko ɗaya, a ci gaba da maganin rumatoyid da kwanciyar hankali.

A Turai sun wuce nan. Tawagar Farfesa Costantino Pitzalis ta Jami'ar Queen Mary da ke Landan ta nuna cewa naman masu rumatoyid ba iri ɗaya ba ne: wani cike yake da ƙwayoyin garkuwa da ake kira B, wani da wasu dabam, wani kuma kusan duk zare ne. A 2021 suka wallafa gwajin da suka yi kan mutum 164 a mujallar Lancet, inda aka ga alamar cewa waɗanda namansu ke da ƙarancin ƙwayoyin B sun fi samun sauƙi da maganin tocilizumab a kan rituximab. Ilimi ne mai kyau, amma har a can bai zama aikin yau da kullum ba, kuma magungunan nan kuɗinsu ya fi ƙarfin manomin Gayari ko Nasarawar Burkullu. Mu abin da muke nema daga allurar nan bai kai can ba: ta raba mana tibi da rumatoyid.

Yanzu sai na taɓo inda zai yi wa wasu zafi. Kafin mai ciwon gaɓa ya ga likita, ya riga ya shekara yana shan haɗi daga kemis ko daga mai tallan magani a ranar kasuwa. A ƙulla masa 'yan ƙwayoyi a leda: dexamethasone ko prednisolone, da diclofenac, da piroxicam. Ya sha da dare, da safe ya miƙe garau ya tafi gona, ya ce wane ai ya fi likita. Bayan watanni fuska ta yi fam, a ce ya yi ƙiba, alhali hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki ne ke tafe, ƙashi na zama holoƙo. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta sha dalma, diclofenac kullum ƙarasa ta yake yi. Kuma haɗin nan yana dusashe alamun da likita zai gani, har a cikin naman da za a ɗiba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai sayarwa yana da laifi, mu masu cewa "ba ni mai ƙarfi" mu ma muna da namu.

Na san abin da mai sauraro a Gwashi ko Wuya zai ce: Malam, wa zai kai ni? Hanya ba lafiya, 'yan bindiga sun hana noma, mutane na zaman gudun hijira a Anka, ambaliyar 2024 ta rusa gidaje a Gummi, ana ta abinci wa ke ta gwiwa? Maganarsa gaskiya ce. Sai dai hannun da ya shanye shi ma yunwa ce ga gida. Kuma akwai sauƙi guda da ba a cika lura da shi ba: naman da ke cikin fomalin yakan yi kwanaki bai lalace ba, ba ya buƙatar firji. Ke nan ba dole mara lafiya ya yi ta zarya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin Shika na Zariya, ko Asibitin Malam Aminu Kano ba. Kwalba ce za ta yi tafiyar, sakamako ya dawo ta waya. Tsarin ma akwai shi, tunda haka ake kai majinar masu tari zuwa inda injin gwajin tibi na GeneXpert yake, kuma maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Gyaran gine-gine abu ne mai kyau, amma ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ta haɗa da abin da ba a yanke masa kyalle: a horar da likita ko da ɗaya a kowane babban asibiti na Anka da Gummi da Bukkuyum kan duba gaɓa da zuƙo ruwanta, a ƙulla yarjejeniya da Gusau da Sakkwato kan ɗiban nama da karanta shi, a ajiye maganin rumatoyid mai suna methotrexate a kantin asibiti. Tun da MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomi a 2022, auna dalma a jinin manya masu aikin ma'adinai ma ya zama nauyin gwamnati. Masu injin niƙa kuma su riƙa jiƙa dutse, ƙura ta kwanta.

Ke kuma baiwar Allah da yatsunki ke sandarewa da safe, in abin ya kai mako 6 kada ki jira ya shekara, domin watannin farko ne magani ya fi ceton gaɓa. Maigida, kai za ka ba da izini da kuɗin mota, kada ka tsaya sai hannu ya karkace. In kun je, ku tafi da ledar magungunan da ake sha, ku faɗa wa likita in an taɓa aikin dutse ko niƙa shi a gidan, in ana shan ɗanyar madara, in akwai mai tari. In aka rubuta methotrexate, sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, shan sa kullum na iya kisa, kuma mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ba ta shan sa. In likita ya ce sai an ɗebi nama, ku tambaye shi abin da yake nema da ranar da sakamako zai fito, sannan ku bari a ɗiba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.